An miƙa maka makullai da mutum tara, albashi bai motsa ba

Assalamu alaikum Yaya. Ni mutumin Kano ne, shekarata shida ina aikin sito a wani kamfanin rarraba kayan abinci a Khumra, kudancin Jidda. Albashina riyal 3,800: asalin albashi 2,800, kuɗin gida 700, kuɗin mota 300. Da obataim na kamar awa arba'in nakan samu ƙarin 870 a wata. Wata huɗu ke nan da mushrif ɗinmu, wato shugaban ma'aikatan sito, ya koma ƙasarsu, mudir, wato manajanmu, ya miƙo mini makullai ya ce in riƙe yara kafin a samo wani. Mutum tara ne, uku Hausawa, ɗaya ma ya girme ni. Har yau ba a kawo kowa ba, kuma aikina na da yana nan a kaina. An daina rubuta mini obataim, wai mushrif ba shi da obataim. Makon jiya mudir ya ce za a tabbatar da ni, a ƙara mini 300 bayan Hajji. Yanzu saura wata biyu azumi, kwantiragina kuma saura wata biyar. Ina jin nauyin yin magana kada a ce ba ni da godiya, ga mahaifiyata da iyalina a gida da wannan kuɗin suka dogara. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa albarka a neman da kake yi.

Ɗauko biro da takarda mu fara da lissafi, don wasiƙarka ta riga ta faɗi abin da kai ba ka so ka furta. Kafin a ba ka makullai kana shiga banki ka tarar da 4,670. Yau kana tarar da 3,800. Idan an cika alkawarin bayan Hajji za ka koma 4,100. Ka ga ke nan ƙarin da ake yi maka albishir da shi ragin 570 ne a kan abin da kake samu lokacin da kanka kaɗai kake ɗauke da shi. A wata huɗun nan riyal 3,480 sun bar aljihunka, kamfani kuma ya ajiye albashin mushrif ɗin da ya tafi cif, har da kuɗin izinin aikinsa, wanda ake biya wa kowane baƙon ma'aikaci riyal 700 ko 800 a wata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ce mudir ɗinka mugu ba ne. Mai yiwuwa yana ƙaunarka, shi ya sa da ya waiga bai ga wanda zai amince wa da makullai ba sai kai. Amma shi ma akwai na sama da shi da ke tambayarsa yadda ya rage kashe kuɗi, kuma muddin kaya na fita a kan lokaci, babu abin da zai tayar da shi daga kujera ya je ya yi maka faɗa a ofishin kuɗi. Shirunka ne ke gaya masa komai lafiya.

Wannan nauyin da kake ji na san shi, don da shi aka rene mu. An koya mana cewa yaron kirki ba ya kallon idon babba ya ce a ƙara masa, kuma idan aka ɗaga ka sama da 'yan'uwanka, abin da ya dace shi ne ka sunkuyar da kai ka ce na gode. Tarbiyya ce mai kyau a zauren mahaifi. A wurin aiki kuwa ciniki ne tsakaninka da su, ka sayar da lokacinka da ƙarfinka, sun saya a kan farashin da aka rubuta. Kayan da kake ba su yanzu sun canza, don haka farashi ya tashi a sake zama a kansa. Addini bai hana ka ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya kuma faɗi dalili, cewa shi mai tsarewa ne, masani. Annabi Musa, alaihis salam, da zai yi aikin kiwo a Madyana, sai da aka fayyace shekaru takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Ka gode wa mudir da ya yarda da kai, godiya ta gaskiya, sannan a zama ɗaya ka gaya masa farashin aikin. Ɗaya ba ya korar ɗaya.

Abin ya taɓa faruwa da ni, shi ya sa wasiƙarka ta tsaya mini a rai. A wani otal a Makka, wajen Misfala, aka ce in riƙe sashen wanki na mako biyu. Mako biyu ya zama wata goma sha huɗu. Ni ne mai tsara wa mutum goma sha ɗaya lokutan aiki, ni ake bugo wa waya ƙarfe uku na dare idan injin busarwa ya tsaya ga zannuwan gado na hawa shida a jiƙe, alhazai kuma za su sauka da asuba. Duk lokacin da na yi niyyar magana sai in ce bari a wuce Umarar azumi, bari a wuce Hajji. Ranar da na tashi yin maganar sai na tarar an riga an ɗauko wani daga waje, da albashin da ya kusa ninka nawa, aka ce in nuna masa yadda aikin yake. Na nuna masa. Har yau idan na tuna da kuɗin makarantar yaran da na kasa aikawa a wannan shekarar, zuciyata takan yi nauyi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma ba na so a maimaita shi a kanka.

Dubi lokacin da aka zaɓar maka. Daga yau zuwa bayan Hajji wata biyar ne da 'yan kwanaki. Kwantiraginka saura wata biyar. Idan ka yi shiru, kwantiragi zai sabunta a kan 3,800, a kuma wuce azumi da Hajji, wato lokacin da sito irin naku ba ya barci, motocin sanyi na jigila tsakanin tashar jiragen ruwa ta Jidda da otal-otal ɗin Makka da Madina. Bayan an sauke wannan nauyin, me zai sa a yi gaggawar biyanka? Darajarka a idonsu ba za ta taɓa kai ta wannan watan ba, lokacin da suke kallon azumi na tahowa ba su da wani wanda ya san inda kowane kwali yake. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Cikin makon nan ka nemi a ba ka lokaci, kada ka tare shi a bakin sito yana sauri, kuma kada ka yi maganar a gaban yara.

Maganar cewa mushrif ba shi da obataim, ka san inda ta samo asali don kada a rufe maka baki da ita. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2005 aka yi ta yi mata gyara, ta ƙayyade aiki awa takwas a rana ko 48 a mako, a watan azumi kuma awa shida a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Abin da ya haura wannan, sashe na 107 ya ce a biya kuɗin awar, a ɗora rabin kuɗin awa na asalin albashi. A naka lissafin awa ɗaya ta haura riyal 21 da rabi, shi ya ba ka 870 ɗin nan. Sashe na 108 ne ya cire wasu mutane daga wannan ƙa'idar lokutan aiki, cikinsu har da masu manyan muƙaman gudanarwa waɗanda ke da ikon mai kamfani a kan ma'aikata. To kai ka tambayi kanka: kana ɗaukar ma'aikaci? Kana korarsa? Kana yanka masa albashi? Mutumin da takardarsa ta ce ma'aikacin sito, wanda da hannunsa yake ƙirga kwalaye, ban ga yadda za a sa shi a layin manyan masu gudanarwa ba. Ka kuma lura da azumi: obataim zai fara ƙirguwa daga awa ta bakwai, a watan da za ku fi kowane wata daɗewa a sito. Asararka a Ramadan za ta fi 870 nesa ba kusa ba.

Akwai kuma sashe na 60, wanda ya hana a ɗora wa ma'aikaci aikin da ya saɓa sosai da wanda aka yi yarjejeniya a kansa sai da amincewarsa a rubuce, in ban da larura, ita ma kada ta wuce kwana talatin a shekara. Kai ka yi wata huɗu. Na gaya maka waɗannan ne don ka shiga ofis da ƙafafunka a ƙasa, ka san cewa ba alfarma ka je roƙo ba. Amma kada ka buɗe zaman da karanto masa sassan doka. Kwantiragin baƙo a ƙasar nan mai wa'adi ne, kamfani na iya ƙin sabuntawa ba tare da ya karya doka ba, kuma mudir da aka kunyata ba ya mantuwa. Doka sandar da ke jingine a bayan ƙofa ce, ya isa a san tana nan.

Abin da za ka shiga da shi takarda ɗaya ce. A sama ka rubuta ayyukan da suka hau kanka tun ranar da ka karɓi makullai: tsara lokutan mutum tara, sa hannu a takardun shigar kaya da fitarsu, ƙirgen ƙarshen wata, amsa waya da dare, sulhunta rigima. A ƙasa ka rubuta abin da ya gyaru a hannunka, da lambobi na gaskiya daga littafin sito, ko motocin da suka fita a kan lokaci ne, ko kayan da suka daina lalacewa. Kada ka ƙara gishiri ko kaɗan, don shi ma yana da littafin. Kafin ranar kuma ka binciki abin da tsohon mushrif yake karɓa. Ka kira shi ka gaishe shi ka tambaye shi, wanda ya riga ya tafi ba ya ɓoye albashinsa. Ka tambayi 'yan'uwa biyu ko uku da ke irin wannan aikin a wasu kamfanonin Khumra. Wannan lambar ita ce ma'auninka.

Idan ka zauna, ka faɗi magana mai kama da wannan, ka juya ta da Larabcinka: na gode da amanar da aka ba ni, ina son aikin, kuma ina so in ci gaba da shi. Kafin in karɓa ina samun 4,670, yanzu ina samun 3,800, ga aiki biyu a kaina. Ina neman a mayar da asalin albashina 4,000, a gyara kwantiragi a Qiwa (shafin intanet na gwamnati da ake rajistar kwantiragin aiki) kafin azumi. Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun shi ne wuri mafi wuya, don bakinka zai so ya ce amma ko nawa aka ba ni na gode. Ka danne shi. Ka bar mudir ya fara magana. Kuma kada ka kawo maganar Hajiya da kuɗin makarantar yara a matsayin hujja, ko da yake su ne a zuciyarka. Tausayi yakan samo maka riyal ɗari biyu na wata ɗaya. Abin da mudir zai iya ɗauka ya kai wa na sama da shi ya kare shi ne lissafin aiki.

Na ce 4,000 a asalin albashi da gangan. Kuɗin gidanka rubu'in asalin albashi ne, kamar yadda kamfanoni da yawa ke yi, don haka idan asali ya koma 4,000 ka nemi kuɗin gida ya bi shi zuwa 1,000, jimla 5,300 da kuɗin mota. Idan binciken da ka yi ya nuna tsohon mushrif ya fi haka, ka ɗaga. A raina, ƙasa da 5,000 ba tare da obataim ba bai kai a karɓi wannan nauyin ba, amma kai ka san gidanka, ka yanke naka ƙarshen tun kafin ka shiga, kada ka yanke shi a gaban teburinsa. Za su so su ba ka ƙarin da sunan alawus na riƙo, ko kyautar ƙarshen shekara, ko ma a ambulan. Alawus ɗin da ba ya cikin kwantiragi rana ɗaya ake cire shi. Ga kuma haƙƙin ƙarshen aiki, wanda mutanenmu da yawa ba sa tunawa sai ranar tafiya. Sashe na 84 ya ce rabin albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kowace shekara bayan nan, kuma da albashin ƙarshe ake lissafawa. A shekara shida, albashin wata uku da rabi ke nan. A kan 3,800 haƙƙinka 13,300 ne, a kan 5,300 kuwa 18,550. Sa hannu ɗaya ya ƙara maka 5,250 a kan shekarun da ka riga ka yi. Shi ma kamfani ya san wannan lissafin, shi ya sa za ka ga sun fi son ambulan.

Amsar da za ka ji na san ta: babu kasafi a bana, ka yi haƙuri, in sha Allah. Kada ka yi fushi, kada kuma ka tashi da in sha Allah kaɗai, wannan cinikin biri a sama ne. Ka ce ka fahimta, sannan ka ba shi ƙofa biyu. Ko dai a rubuta ƙarin yanzu da ranar da zai fara, ko da za a raba shi biyu, rabi wannan watan rabi ranar sabunta kwantiragi. Ko kuma, tunda a takarda har yanzu ma'aikacin sito ne kai, a dawo maka da obataim ɗinka daga yau, a kuma biya na wata huɗun baya, har ranar da kasafi ya samu. Ƙofa ta biyu tana da wuyar ƙi, don ba sabon abu ka nema ba. Duk abin da kuka tsayar, da ka fito ka aika masa da saƙo na ladabi: na gode da zaman yau, ga abin da na fahimta mun amince. Sannan ka jira gyararren kwantiragi ya shigo maka a Qiwa, ka karanta kowane layi kafin ka danna amincewa. Abin da ke Qiwa shi hukuma ta sani, da shi ake auna abin da ya shiga asusunka na banki.

Sana'ar da ke kan iƙamarka, wato katin izinin zamanka, ita ma ka tayar da maganarta, don doka ba ta yarda a sa baƙo aikin da ba shi ne a izinin aikinsa ba, kuma kuɗin canza sana'a a kan kamfani yake. Za su iya cewa wani sunan muƙamin an keɓe shi ga 'yan ƙasa, wannan kuwa yana faruwa, musamman tun da aka kawo tsarin Nitaƙat a 2011, mai ƙayyade yawan 'yan ƙasa da kamfani zai ɗauka. Idan haka ne ka karɓi takardar cikin gida mai hatimi da ke cewa kai ne shugaban sashen. Matsalar suna ba ta hana kuɗi shiga.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya fi damuna da kuɗin. Ka karɓi makullan sito ba tare da an yi ƙirge ba? Idan haka ne, gobe ka nemi a yi cikakken ƙirge, kai da wani daga ofishin kuɗi, ku sa hannu ku biyu. Doka ta ba kamfani damar cire kuɗin kayan da suka ɓata ko suka lalace ta sakacin ma'aikaci, har albashin kwana biyar a wata. Duk giɓin da tsohon mushrif ya bari, idan ba a rubuta shi ba, wata rana sunanka zai ɗauka. Haka kuma ka nemi mudir ya tara yaran nan tara ya faɗa da bakinsa cewa kai ne shugabansu, a kuma fayyace maka iyakarka: wa ke ba da hutu, wa ke sa hannu a obataim ɗinsu, wa ke rubuta gargaɗi. Shugabancin da ba a sanar ba shi ke haɗa mutum faɗa da 'yan'uwansa. Dattijon nan da ya girme ka, ka same shi kai kaɗai bayan sallar la'asar, ka ce masa Baba, an ɗora mini wannan abu, ina neman ka riƙa yi mini gyara a asirce. Ka ci gaba da gaishe shi yadda ka saba. Amma ranar rabon aikin dare kada ka fifita Hausawa ukun a kan sauran shida, don idon kowa na kanka, kuma ranar da aka ce mushrif na son kai, ita ce ranar da maganar ƙarin albashinka za ta mutu.

Idan an bi duk wannan suka ce 300 ɗin nan dai, ba obataim, to kana da zaɓi, kuma ba na so ka yi barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Kana iya mayar da makullai cikin mutunci, a rubuce, ka ce ka fi son komawa aikin da ke kwantiraginka. Ba abin kunya ba ne, 4,670 da barcin dare sun fi 4,100 da wayar ƙarfe uku. Kana kuma iya fara neman wani wurin a natse. Tun watan Maris na 2021 baƙon ma'aikaci na kamfani yana iya komawa wani kamfanin ta Qiwa idan kwantiraginsa ya ƙare, ba sai kafil, wato mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamansa, ya amince ba, kuma wata huɗun da ka yi kana jagorantar mutum tara abin faɗa ne a wurin neman aiki. Sai dai ka kula da bambancin nan: wanda ya bari wa'adin kwantiragi ya cika yana karɓar haƙƙinsa duka, wanda ya ajiye aiki da kansa tsakanin shekara biyar da goma kashi biyu cikin uku yake samu. Don haka yau da dare ka buɗe kwantiraginka ka duba kwana nawa aka ce a ba da sanarwa idan ba a son sabuntawa, ka ƙirga baya daga ranar ƙarewarsa, ka rubuta wannan ranar a inda za ka riƙa ganinta. Kuɗin obataim na wata huɗu kuma ba ya faɗuwa don ka yi shiru a baya. Ka adana hoton takardun shiga da fita na watannin nan, idan ta kai ga haka akwai ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago kafin a je kotu.

Ka kira tsohon mushrif gobe, ka nemi ganin mudir kafin Alhamis. Idan kun zauna ka rubuto mini abin da ya ce, kalma da kalma, mu duba tare kafin ka danna komai a Qiwa. Ka gaishe mini da Hajiya idan kun yi waya.